Igiyar Guga

Wata uku ina zana shi a ɗakina na Garkawa,
fitilar caji a kan tulu, tawada a murfin kwalba.
Sunansa Gugan Ƙarfe, sha kwaramniya.
Ba ya tashi sama, shi ƙasa yake nufa,
cikin rijiyoyin Adar masu gaba arba'in,
inda murya kan faɗa ta daɗe ba ta dawo ba.

A littafin farko na gina masa gidaje,
huɗu sama, huɗu ƙasa, kamar gurbin dara.
Yara suka saye shi dala ashirin a bakin lakwal.
Ni kuwa kunya ta kama ni:
ƙato kamar wannan, a cikin akurki?

Sai na rushe katangun.
Shafi na tara na murɗe shi ya zama rijiya,
sai ka juya takarda sau uku kafin ka kai ruwa.
Na haɗa jiya da yau a fuska ɗaya.
Na ba shi hannu bakwai, don duk inda ya miƙa
ina so a gani a lokaci guda.
Kukan yaron da ya faɗa ciki na farfasa shi,
harafi nan, harafi can, yadda amsa-kuwwa ke yi.
Duhu kuwa ban rage ba. Bik huɗu suka ƙare.

Na aika wa Sahabi can Yamai ta waya.
Ya ce wannan ba a taɓa yi ba,
kada in taɓa ko ɗigo.
Na kwana ina juyi don daɗi.

Nomau mai fotokofi ya ɗaga shafin ga hasken ƙofa:
"Ina ne samansa?"
Injinsa ya yi tari, ya tofo dare baƙi ƙirin.
Ya ce tawadarsa ba ta gado ba ce, kuɗi zai ƙaru.
Na biya. Na ce a raina, me mai inji ya sani.

Barira ce ta karya ni.
Ɗiyar yayata, shekara tara,
wadda ta haddace na farko har da kirarin.
Ta zauna bakin murhu, ta juya, ta juya,
ta bi da yatsa, yatsan ya ɓace a gwiwar jarumi,
ta koma baya, ta sake.
Tuwonta ya huce.
Can ta ɗago: "Kawu, yaron ya fito ko bai fito ba?"

Na buɗe baki in ce ai nufin ke nan,
a ƙasan rijiya babu gabas babu yamma,
wanda ya faɗa bai san farko da ƙarshe ba.
Idonta ya ciko. Ina ruwanta da nufi?
Ɗan mutane yana cikin ruwa,
ni kuma na ɓatar da hanyar zuwa wurinsa.

Ban mayar da katangun ba, hannuna ya ƙi.
Daren da kuran ya ɗauke
na tsoma tsinke a farin fenti,
na ja igiya siririya daga bakin shafin farko.
Ta ratsa duhun, ta bi murɗin,
ta tsinto haruffan ɗaya bayan ɗaya
har suka ce "Inna".
Hannu biyu na sare, biyar ma sun isa.

Sahabi ya ce na yi wa zaki dabaibayi.
Wataƙila. Tsohon shafin yana ƙarƙashin katifa,
in na ciro shi har yau gabana yakan faɗi,
ya fi wannan kyau, ba zan yi ƙarya ba.

Barira ta kama igiyar da yatsa, ta sauka.
A juyi na biyu ta kauce, ta dawo, ta sauka,
leɓenta yana motsi,
sai ta daka tsalle har kwano ya kife: "Ya kama shi!"
Ta yi shiru, ta matso da takardar kusa da wuta.
"To amma me ya sa fuskarsa biyu?"

Na ce, ɗauki tsintsiya tukuna.